Ƙulli Uku a Likkafanin Mai Rai

SHAFI NA 19

Da sunan Allah na buɗe, Shi nake roƙo Ya tsare hannuna daga rubuta abin da zai cuce ni.

Masu turo saƙo cewa in sassauta wa Ramlatou, na ji ku. Ba zan sassauta ba. Masu zaginta kuma ku kama bakinku. Da yawanku hoton ɗan fim ne a fuskar wayarku, ba na iyayenku ba.

Wanda yau ya shigo, ga inda muke. Hachimou, ɗan fim ɗin da aka fi sani da Kawu Sannu, yana kaso a Parakou. Wajen ɗaukar wani fim a Djougou aka naɗe wani mai zem, wato mai haya da babur, Rachidou, cikin likkafani don ya fito a matsayin gawa. Da aka kwance shi, gawar gaske aka tarar. Hachimou ya ce wa jandarmomi shi ya ɗaure shi da hannunsa. Ranar Alhamis za a shiga kotu. Ramlatou, bazawara mai sayar da yadi a unguwar Guéma ta Parakou, ta rantse sai ta fitar da shi. Mahaifinta, Malam Iliassou, shi ne mai wankan gawa na Zongon Djougou, kuma yana cikin ɗakin ranar da aka yi naɗin. Wurinsa ta nufa.

*

Motar Djougou ba ta gama fita daga Parakou ba aka fara maganar. Dama yanzu mutum uku ba sa zama ba a yi ta ba.

Direba ne ya tayar da ita.

"Kawu Sannu? Mutumin da yake gaida akuya a hanya? Wallahi ko sauro ya cije shi, sai dai ya ce masa sannu da aiki."

Wani mai jar hula daga kujerar baya ya ce, "Wancan na cikin talabijin ne. Na cikin kaso sunansa Hachimou. Akwai wanda ya taɓa kwana gidansa a cikinku?"

Ramlatou ta juyo gaba ɗaya.

"Kai ka taɓa?"

"A'a, Hajiya."

"To ni na san shi."

"Ah bon? Mijinki ne?"

Mota ta ɗauki dariya. Ita ba ta yi ba. Ta gyara mayafi ta maida fuska ga titi.

Bari in faɗa muku gaskiyar sanin da ta yi masa. Lokacin da mijinta ya rasu tana takaba, dare da rana a ɗaki ɗaya, finafinansa ne suka zauna da ita. Wannan kawun mai tsohuwar hula, wanda ba ya ɗaga murya, wanda ake zagi ya ce sannu, ake cuta ya ce sannu, shi ne ya fara ba ta dariya bayan ta zaci ta gama dariya a duniya. Daga nan ta ba shi wuri a zuciyarta. Ba soyayya ba ce, kada ku kai ta can. Gani take in akwai mutum irinsa, to duniya ba ta gama lalacewa ba.

Sai ga shi wata rana a ƙofar shagonta, da ƙafarsa, yana neman farin yadi. Ya tsuguna ya gaida tsohuwar da ke sayar da ƙosai a gefe kafin ya gaida ita. Ya ce akwai wajen jana'iza a sabon fim ɗinsa, yana so ya fito kamar gaske.

Ita ta jawo bandir mafi kyau a shagon, mai kauri, mai matsattsiyar saƙa, ta yanka masa kyauta.

Ita ta ce masa, "In gaske kake so, je Djougou wurin babana. Ba wanda ya kai shi iya sutura."

Ku riƙe wannan, don ita ma ta riƙe.

Shekaranjiya ta kai masa abinci kaso. Ya rame, wuyansa ya fito, tari yana katse masa magana. Amma da ya gan ta sai ya yi murmushin nan.

"Sannu, Hajiya Ramlatou. Sannu da hanya. Sannu da rana. Sannu da ɗaukar kwano."

Ya miƙa kwanon ga waɗanda ke bayansa, bai ko buɗe ba.

Ta gaya masa abin da lauyansa, Maître Chaibou, ya ce. Ana bukatar dattijo ɗaya da zai tsaya gaban alƙali ya shaida cewa Hachimou ya yi hattara, ya ce a bar wa Rachidou wurin numfashi. In aka samu haka, tsautsayi ne. In ba a samu ba, shekaru ne masu yawa.

Murmushin ya ɗauke.

"Kada ki je Djougou."

"Don me?"

"Ki bar tsoho ya huta. Na roƙe ki don Allah. Kada ki je."

Ta fito tana share hawaye, tana cewa ku ji mutum, yana cikin wannan hali amma gajiyar tsoho yake tausayi.

Ba ta ji roƙonsa ba. Ga ta a mota.

*

Ana fitowa sallar azahar ta shiga gidansu. Tsohon gida ne na fataken goro, mai zaure biyu, wanda har yau in an yi ruwa bangonsa kan tashi da ƙamshin ganyen huhun goro.

Goggo Zali, ƙanwar mahaifinta, ita ta tare ta a tsakar gida. Ba ta bari an gama gaisuwa ba ta ja ta gefe.

"Gara da kika zo. Yayana ba lafiya."

"Sugan ne ya tashi?"

"Ina ma shi ne. Ba ya ci. Ba ya zuwa masallaci. An yi mutuwa biyu a unguwa, an aiko, ya ce a nemi wani. Shi fa! Mutumin da ko zazzaɓi yake yi, in aka ce an rasu sai ya miƙe."

"Me ya ce yana damunsa?"

"Ya ce in daina dariya a tsakar gida."

"Dariya?"

"Ni kuwa da wa zan yi dariya, ni kaɗai? Da turmi?"

Goggo ta ɗauki mayafi ta ce za ta leƙa gidan suna, ba za ta daɗe ba. Daga yadda ta fita da sauri, Ramlatou ta gane neman hanyar fita take yi tun safe.

Ta tsaya ƙofar ɗakin ta yi sallama. Sai a ta uku aka amsa.

Hannu ta kai za ta ɗaga labule, ta ji abu ya taɓa ƙafarta. Ta duba. An ƙulle ƙasan labulen.

Ta shiga.

Ɗakin da duhu, taga a rufe. Da idonta ya saba, sai ta fara ganinsu. Bakin bargo a ƙulle. Rawaninsa da ke rataye a ƙusa, ƙulli a sama, ƙulli a tsakiya, ƙulli a ƙasa. Zanen gado haka. Har tsumman goge buta.

Malam Iliassou yana zaune a kan buzu, ya jingina da bango. Hannuwansa suna kan cinyarsa, suna murɗa gefen rigarsa, shi kuwa bango yake kallo kamar hannun ba nasa ba ne.

"Baba, ina wuni."

"Uwata. Ke ce?"

Haka yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa ta ci.

"Ni ce, Baba. Goggo ta ce ba ku cin abinci."

"Zali ta cika magana."

"Me ya sa kuka ƙuƙƙulle kayan ɗakin nan?"

Ya kalli rawanin, ya kalli bargon, kamar yanzu ya fara ganinsu.

"Farkawa nake yi in tarar da su haka."

Tsigar jikinta ta tashi. Amma abin da ya kawo ta ya fi ƙarfin tsoro. Ta zauna a gefen tabarma.

"Baba, maganar Hachimou ce ta kawo ni."

Hannuwan suka tsaya.

"Ranar Alhamis za a shiga kotu. Avoka, wato lauyansa, ya ce in kuka je kuka faɗi abin da kuka gani, zai iya fita. Ba ƙarya ake so ku yi ba. Gaskiya kawai."

"Gaskiya kawai."

"I, Baba. Ku kuka koya mana. Kun ce wanda ya ga abu ya ɓoye, ranar lahira bakinsa zai yi shaida a kansa. Mutumin nan yana tari kamar ƙirjinsa zai tsage. Uwarsa tsohuwa ce, kullum tana ƙofar kaso. Kuna zaune nan kun yi shiru. Wallahi Baba, ban san ku da haka ba."

"Shi ya aiko ki?"

"A'a. Shi cewa ya yi kada in zo."

Tsohon ya rufe ido.

"Ya cika ɗan halak."

"To kun gani! Kun san mutumin kirki ne. Ya ce a bar wa Rachidou wurin numfashi ko bai ce ba?"

"Ya ce."

"Alhamdu lillahi! A gabanku?"

"Ni ya gaya wa."

"To shi ke nan! Shi ke nan, Baba! Wannan kaɗai za ku faɗa."

Ta zaro waya daga jaka da murna.

"Ajiye wannan abin."

"Avoka kawai zan..."

"Na ce ki ajiye."

Ta ajiye.

"Kin ji rabi kin tashi da gudu. Haka kike tun kina yarinya. Zauna ki ji sauran."

Ya gyara zama. Muryarsa ta koma ƙasa, irin wadda yake magana da ita in yana kan aiki.

"Tun farko ban so ba. Na ce masa mutuwa ba abin wasa ba ce, makarar masallaci kuma ba ta ɗaukar mai rai. Ya tsuguna a nan inda kike, ya ce fim ɗin wa'azi ne, don matasa su tuna kabari. Ya ce ke kika turo shi. Na dubi yadin, na gane yankanki. Na ce to."

Ramlatou ta sunkuyar da kai.

"Rachidou kin san shi. Ɗan gidan Maazou mai nama. Magidanci da 'ya'ya biyu, amma in ya buɗe baki sai ka riƙe ciki. Aka kwantar da shi a tabarma. Da mai kamara ya ce a yi shiru, sai ya fashe da dariya. A sake. Ya ce, Malam, a hankali, gawar nan tana jin cakulkuli. A sake. Ya ce a gaya wa matarsa kada ta sayar da babur sai an yi arba'in. Har ni sai da na yi dariya, Allah Ya yafe mini."

"Sai aka yi yaya?"

"Rana tana tafiya. Hachimou ya roƙe shi. Ya ce, Rachidou, don girman Allah, ka mutu mini na ɗan lokaci. Kada ka motsa, kada ka yi magana, komai ka ji, sai ka ji an ce coupez, wato an gama ɗauka. Rachidou ya ce ya yi alkawari. Mai kamara ya ce yana son fuskar ta fito sosai. Na sa masa auduga a hanci sama-sama, na ɗaure haɓa da ƙyalle yadda ake yi, na shafa kafur. Suka ɗauka. Suka ce ya yi."

Ya dubi ƙofar ɗakin, ya ci gaba.

"Sai suka fita shirya hanya. Hachimou ne na ƙarshe. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, Baba, ku cire audugar, ku kwance haɓar, ku bar masa ƙofa ta gefen fuska. Na ce to. Ya fita."

"Ya fita?"

"Ya fita."

"Amma ya ce wa jandarmomi shi ya..."

"Aka bar ni ni kaɗai, Uwata. Ni da mutum kwance a tabarma, ido rufe, haɓa ɗaure, ƙamshin kafur ya cika ɗaki. Bai motsa ba. Ya cika alkawari. Na yi bisimilla."

Ya ɗaga hannuwansa biyu a gabanta. Busassu, masu jijiyoyi.

"Tun ina saurayi nake wannan aiki. Ubana shi ya yi, kakana shi ya yi wa fataken da suka mutu a hanyar Gwanja. Hannun nan in ya fara, ba ya shawara da ni. Bakina yana addu'a, zuciyata tana wurin Allah, shi yana aikinsa. Na ninka na farko. Na ninka na biyu. Na ninka na uku. Na ƙulle ƙafa. Na ƙulle tsakiya."

"Baba..."

"Na ƙulle kai."

"Baba, ku yi shiru."

"Ban cire audugar ba. Ban kwance haɓar ba. Ban bar ƙofa ba. Gawa ba a bar mata ƙofa. Wallahi, Uwata, da na ɗago na yi masa addu'ar da nake yi wa matattu, har na ce Allah Ya sa can ta fi nan."

Ramlatou ta dafe ƙasa da hannu biyu kamar ɗakin yana juyawa.

"Ba ku sani ba. Mantuwa ce. Tsufa ne."

"Saurara, ban gama ba."

"Ba na so in ji!"

"Ke kika zo neman gaskiya. Ba a ɗibar ta a bar saura."

Ya ci gaba, ba tare da ya dube ta ba.

"Aka sa shi a makara, aka rufa bargo, aka ɗauka. Ni ina baya. Hachimou yana gaba yana kuka. Ba ki ga kukan ba. Matan unguwa da suka san wasa ne, sai ga su suna share ido a bakin ƙofa. Muna wuce rijiya, sai na ga bargon yana girgiza."

Ta toshe bakinta.

"Masu ɗauka ma sun ji a kafaɗarsu. Ɗaya ya ce ƙasa-ƙasa, ɗan banzan nan ya fara dariyar tasa. Suka danne tasu dariyar. Aka ji wani sauti daga ciki, mm, mm. Ni da bakina na matsa kusa na ce, Rachidou, ka daure, saura kaɗan."

"Inna lillahi..."

"Ya girgiza. Ya girgiza. Sai ya daina. Na ce a raina, yawwa, ya ji magana."

Wani zakara ya yi cara a bayan gida, da rana tsaka. Duk su biyun suka zabura.

"Ashe yana da asma. Ba wanda ya gaya mini. Kafur, da auduga, da yadi mai kauri ninki uku, da rana. Da aka sauke a bakin ramin da suka haƙa, aka ce coupez, mutane suka yi tafi. Hachimou ya share hawaye yana dariya, ya ce, tashi malam gawa, matarka tana jiranka da tuwo. Shiru. Ya ce, kai, an gama. Shiru. Ya durƙusa ya kama ƙullin kai."

Tsohon ya dubi hannuwansa, ya ci gaba.

"Ƙullina ba ya kama da na kowa. Duk Zongo an san shi. Ya kalli ƙullin. Ya buɗe ya ga audugar. Ya ɗago ya dube ni. Sau ɗaya. Kafin mutane su matso, ya zare audugar da ƙyallen haɓar ya tura a aljihunsa. Da jandarmomi suka zo, kafin in buɗe baki ya ce, c'est moi. Ni na ɗaure shi. Tsohon nan nuna mini kawai ya yi."

"Ku kuma kuka yi shiru."

"Na yi shiru."

Ku da kuke karatu, kada ku yi saurin yanke masa hukunci. Amma kada ku wanke shi. Tsoro ne, kuma tsoro ba uzuri ba ne ga mai furfura.

"Washegari likita ya saki gawar. Wa kike tsammani aka kawo wa?"

"A'a, Baba."

"Ni. Maazou da kansa ya zo ya kama hannun nan ya ce, Malam, kai ka san shi tun yana tsumma, kai za ka yi masa. Na wanke shi. Ya ciji harshensa, Uwata. Na ga shaidar ƙyallena a haɓarsa. Na naɗe shi, na ƙulle. Sau biyu na yi wa mutum ɗaya sutura. Da aka gama, ubansa ya yi mini godiya."

Ramlatou ta kifa kai a gwiwa. Kuka ya ƙi zuwa. Fuskar Hachimou take gani a bayan ƙarfe, yana cewa kada ki je. Duk abin da ta faɗa a kansa gaskiya ne, har ya wuce yadda ta zata. Ta yi faɗa da mutane a kasuwa, ta yi a mota, ta ɓata da ƙawaye, tana cewa ba shi da laifi. Ga shi an tabbatar mata. Kuma ba ta taɓa jin abin da ta ƙi kamar wannan tabbaci ba.

"Tun daga ranar nake jin sa," in ji tsohon. "Ba ya zuwa mini da fushi. Dariya yake yi. A tsakar gida, a bayan ƙofa, cikin buta in ina alwala. Sai na kasa kunne sosai, sai in ji ba dariya ba ce."

Ya dafa bango ya miƙe. Ya sauko da rawanin daga ƙusa ya fara kwance ƙullin ɗaya bayan ɗaya.

"Me za ku yi?"

"Na daɗe ina roƙon Allah Ya aiko wanda zai tambaye ni. Ba wanda ya tambaya. Sai ke. Tashi ki kai ni tasha."

"Ina?"

"Parakou."

Ta miƙe tsaye.

"Ba inda za ku."

"Me kika ce?"

"Ku gafarce ni, Baba. Ba inda za ku."

"Ba ke ce yanzu kika ce bakina zai yi shaida a kaina ba?"

"Ban san abin da nake faɗa ba!"

"Kin sani. Ba ki san kan wa zai faɗa ba ne kawai."

"Baba, ku dubi jikinku. Ga suga, ga hawan jini. Sati ɗaya ba za ku yi a kaso ba. Shi yaro ne, zai iya. Yana da avoka, yana da masoya, za a yi masa sassauci."

"Ɗazu kika ce ƙirjinsa zai tsage."

"Zai warke!"

"Uwarsa fa, da take ƙofar kaso?"

"Ni ma ku ubana ne! Hachimou shi ya zaɓa. Ba wanda ya tilasta shi. Da bakinsa ya ce kada in zo. In kuka je kun watsa masa alherinsa a ƙasa."

"Alheri ne a gare shi. A gare ni wuta ce."

"'Yan zem fa? Kun manta ranar da suka kewaye komisariya, ofishin 'yan sanda, suna neman a ba su Hachimou? In suka ji ku ne, gidan nan za su ƙone, da Goggo a ciki. Maazou da ya kama hannunku fa? Da wane ido za mu dube shi? Wa zai ƙara shiga zauren nan? In kuka mutu, wa zai wanke ku?"

Tsohon ya tsaya da naɗin rawani.

"Wannan na yi tunaninsa. Wataƙila ba kowa. Amma gara a jefa ni rami ba wanka da in je da wannan."

Ya juya yana neman takalmansa a ƙarƙashin gado.

Abin da Ramlatou ta yi a nan, ba zan yi masa ado ba. Ta ɗauki wayarta. Ta ja da baya a hankali. Ta fita, ta jawo ƙofa, ta zura kwaɗon da ke rataye a jikin marfin, ta danna.

Ƙas.

Ta kulle ubanta.

Matar da ta taso daga Parakou da wa'azin gaskiya a bakinta, ita ce tsaye a tsakar gida da makulli a tafin hannu, tana haki kamar ta yi gudu.

Daga ciki ba a buga ƙofa ba. Ba a yi ihu ba.

"Uwata."

Ta damƙe makullin.

"Uwata, shi ma haka na yi masa. Na rufe, na ce don ya daure ne, saura kaɗan."

"Baba, don Allah ku yi haƙuri. Zuwa Alhamis kawai. In an gama zan buɗe, ku yi mini duk abin da kuka ga dama."

"In an gama da wa?"

Ta juya wa ƙofar baya.

Wayar ta yi ƙara a hannunta. Ta kusa yar da ita. Ta duba.

Maître Chaibou.

Ta bari ta katse. Ta sake ɗaukar ƙara. In ba ta amsa ba zai gane akwai magana, gobe ya tako Djougou da ƙafarsa. Ta matsa nesa da ƙofar, ta share fuska, ta saita murya.

"Allô, Maître."

"Madame Ramlatou, enfin! Kin isa? Kin ga tsohon?"

"Na isa."

"Alors? Zai zo? Ki saurare ni, an kai Hachimou wurin likita da safen nan, jini yake tofarwa. In ba mu sami shaida ba, ban san ko zai ga ƙarshen hukuncin ba. Tsohon ya tuna wani abu?"

Ta dubi kwaɗon. Ta dubi makullin.

"Maître... babana ya tsufa. Ya rikice. Bai tuna komai ba."

Sai ta ji ƙarar sakata a bayanta.

Ta manta da taga.

Marfin katakon ya buɗe. Fuskar Malam Iliassou ta bayyana a bayan ƙarafan, rawani naɗe tsaf a kansa. Ya kama ƙarfe da hannu biyu, ya ɗaga muryar nan da yake kiran sahu da ita a maƙabarta.

"Mai shari'a! Kana ji na? Sunana Iliassou, mai wankan gawa na Zongo! Hankalina ɗaya!"

Ramlatou ta danne wayar a ƙirjinta da hannu biyu. Amma ta makara. Daga cikin tafinta, ƙaramar murya tana fitowa.

"Madame? Wa ke magana? Madame Ramlatou, ba shi wayar!"